Hannun Babana da fotfoliyon da na haɗa sau biyu

Assalamu alaikum. Satin da ya wuce wani yaro ɗan unguwarmu a nan Gusau ya zo ya same ni da zanensa a cikin leda, wai yana so ya nemi makarantar koyon zane an ce mishi sai ya haɗa fotfoliyo, wato tarin ayyukansa da malamai za su duba kafin su ɗauke shi. Na buɗe ledar na ga 'yan ƙwallo ne da 'yan fim tun daga na farko har na ƙarshe, duk daga waya ya kwafa, kuma wallahi hannunsa ya faɗa, yaron ya iya. Sai na ji ƙirjina ya yi nauyi don irin wannan ledar na taɓa riƙewa da hannuna. Na ce mishi ya dawo gobe mu zauna, a daren na kasa barci, shi ne na ce bari in rubuta abin da ya faru da ni ko wani zai amfana. Ba zan kama sunan kowa ba, har makarantar da ƙauyenmu.

Ni ɗan dukawa ne. Ƙauyenmu yana can wajen Ƙaura Namoda, Babana baduku ne, kakana ma haka. Na tashi ina jin warin bagaruwa a jikin fatar da majema ke kawo mishi, ina kallon yadda yake jiƙa karan dafi ya fitar da ja, kuloko ya ba shi baƙi, gangamau ya ba shi rawaya. Yana ɗinka gafaka da kube da zabira da kayan doki, kuma yakan ce jar fatar akuyar ƙasarmu tun zamanin fatake ake ƙetara hamada da ita har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko alhali daga nan take fita. Ni kuma tun ina ƙarami hankalina bai kan basilla, yana kan zane. In an wanke allo kafin Malam ya ba ni sabon rubutu sai in zana dagi a gefe da tawada, na sha bulala a kan haka ba sau ɗaya ba, amma kuma da aka zo saukar yayana ni aka ba allon na yi mishi zayyana, ina ɗan shekara goma sha biyu, har mutane suna tambaya daga Ƙaura aka kawo mai zayyanar?

Baba bai taɓa yabawa ba, bai kuma taɓa hana ni ba. Shiru kawai. Na san a ransa yana ganin na guje wa gado.

A sakandaren da na yi babu malamin zane ko ɗaya, saboda haka ban rubuta darasin zane a WAEC ba, ban ma san ana rubuta shi ba sai daga baya. Abin da nake da shi littattafai ne guda shida masu layi da na cika da zane tun ina aji ɗaya. A 2018 'yan bindiga suka shigo mana da daddare. Ba na son in tsaya a wannan daren. Mun fita da rai ni da Baba da Inna da ƙannena uku, ba mu fita da komai ba, rumbu da ɗakin aikin Baba da littattafan nan shida duk wuta ta cinye. Muka zo Gusau muka raɓe a ɗaki ɗaya a gidan Kawuna.

Kawu ne ya kai ni wani shagon buga allunan talla. Lokacin ana shirin zaɓen 2019, aiki kamar me, fosta da bana da sitika da kalanda, dare da rana. A nan na koyi CorelDraw, manhajar zane ta kwamfuta, a tsaye bayan mai gidana ina leƙe, in ya fita sallah in zauna a kujerar. Cikin wata shida ni nake yin katin biki da sitikar amare. Ina samun na kai wa Inna cefane, amma kullum abu ɗaya ne, a sauko da fure daga intanet a manna hoton amarya a tsakiya a rubuta suna da ruwan gwal. Raina yana so in san abin da ya fi haka amma ban san sunansa ba.

Ƙarshen 2020 bayan an sassauta kullen korona na ga sanarwar wata makarantar zane da tsara fasali a Legas, shekara biyu ake yi, kuma akwai tallafi ga waɗanda ba su da hali. Ba su matsa a kan darasin zane na WAEC ba, abin da suka ce shi ne a turo ayyuka goma sha biyar a fayil ɗaya na PDF da ɗan bayanin kai. Na ce to ai wannan nawa ne. Na sayi kwali da fensir, na sauko da hotunan 'yan ƙwallo da jaruman Indiya, in ja layuka murabba'i murabba'i a kan hoton in ja irinsu a takarda in riƙa kwashewa gida-gida har ya fito sak. Duk wanda ya gani a shago sai ya ce kai, kamar hoto! Wani ma ya rantse injin ne ya buga. Na ƙara da katunan biki biyar da na fi so. Na tura ina da yaƙinin an gama, har na fara tambayar kuɗin motar Legas a tasha.

Amsa ta zo a watan Janairu, ba a ɗauke ni ba.

Na yi ta buga lambar da ke jikin sanarwar har wata malama ta ɗauka, na roƙe ta don Allah ta faɗa min laifin aikina. Ta yi min kirki, ta buɗe fayil ɗin tana kallo muna magana. Ta ce hannunka yana da kyau, amma duk abin da ke nan wani ne ya riga ya gani ya ɗauka a hoto, shi ya zaɓi haske ya zaɓi tsayuwa, kai kwashewa ka yi, mu kuma muna neman mu ga abin da kai ka kalla da idonka da yadda kake tunani. Ta ce a ina kake zaune? Na ce Gusau. Ta ce to ban ga Gusau a nan ba ko kaɗan.

Maganar ta yi min zafi sosai. Wata biyu na yi ina wannan aikin, wani zanen kwana huɗu nake kansa da fitilar waya. Na tattara su na cusa ƙarƙashin katifa, na yi kusan wata guda ban taɓa fensir ba, ina zuwa shago ina dawowa kamar wanda aka yi wa mutuwa. Abin da ya fi ci min rai ba rashin shigar ba ne, a'a, tunanin cewa abu ɗaya da na ɗauka na iya a duniya ashe ban iya ba. Gida ya ƙone, karatu bai yi nisa ba, sana'ar gado na ƙi koya, yanzu wannan ma an ce ba shi ba ne. Akwai daren da na fita bayan gida na zauna na yi kuka yadda ban yi ba ko ranar da muka baro ƙauye. Kawu kuma dama yana da magana a kan zanen, ya ce ka gani ko, Allah ne ya tsare ka, ka bar zana masu rai ka kama abin da zai fishe ka.

Wani dattijo yakan zo shagonmu buga takardun masallacinsu, ashe tsohon malamin zane ne da ya yi ritaya, a Zariya ya yi karatu. Ranar ya ga ina zana kofin shayi a bayan rasit ba tare da na ma san ina yi ba, ya ce kawo in gani. Ya daɗe yana kallo. Ya ce wa ya koya maka? Na ce ba kowa. Na ba shi labarin Legas, washegari na kai mishi na ƙarƙashin katifa gidansa. Ya baje su a tabarma ya ce malamar nan gaskiya ta faɗa maka, sannan ya ɗaga rasit ɗin nan mai kofin shayi ya ce wannan ya fi su duka, don shi kaɗai ne ka kalla.

Malam ne ya fara ba ni labarin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Ya ce Turawa ne ke koyar da su a lokacin, su kuma suka ce za su karɓi ilimin amma sai sun haɗa shi da na gidajensu, Uche Okeke ya koma kan uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, kamar dai yadda namu matan ke zanen lalle. Ya ce in fito da naira ashirin, na fito da ita, ya nuna min matar da ke baya tana ginin tukunya, ya ce Ladi Kwali kenan, a gida ta koyi ginin tukwane wajen 'yar'uwar iyayenta, a 1954 ta shiga cibiyar tukwane ta Suleja da ake kira Abuja a lokacin, ƙadangaru da kifaye da kunamun da take zanawa a jikin randa su suka kai ta Ingila da Amurka. Sai ya tambaye ni sana'ar gidanmu, na ce dukanci, ya ajiye kofin hannunsa ya ce kana da baduku a gida kake zana mutumin da bai san da zamanka ba?

Aikin farko da ya ba ni buta ce. Butar roba ta alwala. Ya ce ka ajiye ta a bakin ƙofa ka zana ta sau talatin, kada ka ɗauki hotonta, kada ka ja layukan nan naka, kada ka yi amfani da abin gogewa. Na farko ta fito kamar tulun da ya sha duka, na gane ashe ban taɓa auna abu da ido ba, layuka ne ke min awo. Ya koya min in miƙe hannu da fensir in runtse ido ɗaya in auna tsawo da faɗi, in duba sararin da ke tsakanin mariƙi da jikin butar in zana shi kamar shi ma abu ne, in lura inuwar safe ba ita ce ta la'asar ba. Ya bambanta min fensir, HB na fara shata, 2B da 6B na inuwa mai duhu. Kuɗin gawayin zane na kanti ba ni da shi sai na riƙa tsintar na murhun Inna, in na gama in fesa man feshin gashi na mata sama-sama don kada ya goge, ko da yake Malam ya ce yana sa takarda ta yi ja-ja in an daɗe. Wajen buta ta ashirin ne na fara ganin robar tana da haske a kafaɗa da wani ɗan haske kuma da ke dawowa daga siminti ya bugi gindinta. Shekara nawa ina alwala da buta ban taɓa ganin wannan ba.

Ya sa na ɗinka ƙaramin littafi da ragowar takardun shago, ya ce ko ina za ka ka tafi da shi, kuma kada ka yage shafi ko ya lalace don masu duba fotfoliyo suna son ganin inda ka yi kuskure ka gyara fiye da yadda suke son wanda ya fito fes. Na zana amalanke a tsohuwar kasuwa, buhunan gero, keke napep a layi, takalma a ƙofar masallaci ranar Juma'a, Dutsen Kwatarkwashi daga bakin titi. A watan azumi bayan asuba nake fita kafin rana ta yi zafi.

Maganar Kawu kuwa ban yi wasa da ita ba, don ni ma tana damuna. Na je na tambayi malamin da nake ɗaukar karatu wajensa, ya karanto min hadisan da suka zo a kan masu sura, ya kuma faɗa min inda malamai suka yi saɓani da abin da suka yi sauƙi a kai. Na yanke wa kaina cewa zan tsaya a kan kaya da gine-gine da rubutu da hannaye, in mutum ya shigo zanen to daga baya ko daga nesa. Wani zai zaɓi daban, ni dai da wannan zuciyata ta natsu, kuma na rubuta haka ƙarara a bayanin kaina ban ɓoye ba.

Sai hannun Baba. Tun da muka zo Gusau aikinsa ya koma gyaran takalmi da ɗinkin kuben wuƙa a zauren Kawu, mutumin da hakimai ke aiko wa da kayan doki. Na ɗauki kwana uku ina jin nauyin tambayarsa. Ranar na zauna daga gefe na fara zanawa ba tare da na ce komai ba, shi ma bai ce ba. Da na gama na miƙa mishi, ya kawo takardar kusa da ido ya ce, "Wanga hannun wa ne? Ba haka nika riƙon basilla ba. Diba da kyau." Ya ɗaga hannun ya nuna min, ashe babban yatsansa ba a kan basillar yake ba, a gefe yake yana tokare fatar, kuma ɗan alinsa ya karkace ya yi kanta saboda shekara arba'in yana jan zare. Ni na zana hannun da ke cikin kaina ne. Na sake, ya ce da saura. Na sake. A na biyar ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce, "Awo, shi ne." Ya ninke takardar zai sa a aljihu na ce Baba kada ka ninke, makaranta zan kai, ya ce to ka yi wani, wanga nawa ne.

Daga ranar kullum bayan la'asar ina zaure. Yana aiki yana faɗa min sunayen adon da yake yi da inda ya koya, ni ina zanawa. Na roƙe shi karan dafi da kuloko na gwada su a takarda, na dama da ɗan ƙaro don su kama, ja ya fito wani irin ja mai zurfi da ban taɓa gani a kwamfuta ba. Da su na yi zane uku na adon gafaka, na kuma ɗauki ado ɗaya na warware shi na maimaita shi ya zama zanen atamfa.

Farkon damina hawan jini ya kayar da Baba, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun da na yi wata uku ina zanawa ya koma kwance a cinyarsa ba ya motsi. Na ajiye littafin zane na ce na haƙura da makaranta. Malam ya zo dubiya, da zai tafi ya ja ni waje ya ce ba zan ce ka yi zane yanzu ba, amma ka buɗe ido a gidan nan, akwai aikinka a ciki.

Bayan an sallamo mu aka ba mu magani kala huɗu a 'yan ledoji an rubuta 1-0-1 da 0-0-1 da biro, wato adadin ƙwayar safe da ta rana da ta dare. Inna ba ta yi boko ba, ajami take karantawa, ni kuma ina shago da rana. Sau biyu tana haɗa na safe da na dare. Sai na yi mata ambulan na zana rana a na safe, na zana jinjirin wata a na dare, ina ganin na warware matsala. Bayan kwana huɗu na duba na ga na daren ba a taɓa shi ba, na ce Inna lafiya? Ta ce ai wata ka zana, na ɗauka sai wata ya kama ake ba shi. Jikina ya yi sanyi, kuma laifina ne ba nata ba, don a bakinmu wata na sama da wata na kwana talatin kalma ɗaya ce, ni na ɗauko alamar da na saba gani a waya ban tsaya na yi tunani da Hausa ba. Na sake na biyu da agogo, shi ma bai yi ba, ba da agogo take lissafin yini ba. A na uku na zauna na tambaye ta, Inna da me kike gane lokaci? Ta ce da kiran sallah mana. Sai na rubuta Asuba da Isha da ajami manya-manya, na yi ɗigo adadin ƙwayoyin da za a sha, na ba kowane lokaci kalarsa, na safe rawaya na dare baƙi. Tun daga ranar ba ta sake kuskure ba, har maƙwabciyarmu mai ciwon suga ta aiko a yi mata.

Da na nuna wa Malam ya ce ina na farko da na biyun? Na ce na yar. Ya ce je ka nemo su. Na tono su a kwandon shara. Ya ce wannan shi ne abin da makarantar ke koyarwa, matsala da gwaji da faɗuwa da gyara, ka jera su ukun a shafi ɗaya ka rubuta abin da Inna ta ce a ƙarƙashin kowanne.

A watan Agusta muka zauna zaɓe. Ina da ayyuka sun fi sittin, goma sha biyar ake so. Malam ya ce ba a cika fotfoliyo da abin da aka fi shan wahalarsa, da abin da ya fi nuna mutum ake cika shi, kuma guda ɗaya mai rauni yana iya jan sauran ƙasa. Ya cire wani zanen masallaci da na kwana biyar a kai na ji kamar in yi kuka, ya bar buta. Muka sa hannun Baba a farko, ambulan ɗin magani a ƙarshe, a tsakiya shafukan littafin zane da adon fata da atamfa da kati ɗaya tak na kwamfuta wanda ni na zana haruffansa da hannu. Ɗaukar hoton ma aiki ne, da hantsi a inuwar zaure, ba filashi, a shimfiɗa takarda a ƙasa a riƙe waya daidai samanta don kada gefe ya karkace, a goge gilashin kyamara. A ƙarƙashin kowanne na rubuta sunan aikin da abin da na yi shi da shi da girmansa da shekara. Bayanin kaina na fara rubuta shi da Hausa sannan muka mayar Turanci, ban roƙi tausayi a ciki ba, layi ɗaya kawai na yi a kan barin ƙauye.

Tsakiyar Satumba za a rufe karɓa. Ina jiran albashi in sayi data, sai ranar 3 ga Satumba 2021 aka kashe layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ba kira, ba saƙo, ba intanet, an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da mai a jarka. Fayil ɗina yana cikin filas a aljihuna ba hanyar tura shi. Na jira kwana biyar ko za a dawo da shi, shiru. Wasu suka ce Funtuwa, sai aka ce can ma an kashe. Ya rage Zariya, kuma kowa ya san yadda hanyar Tsafe zuwa 'Yankara take a lokacin. Inna ta ce ba za ni ba. Baba da maganarsa ta koma da ƙyar ake ganewa ya daki tabarma da hannun hagu ya ce, "Shi tahi."

Na shiga motar farko da safe, tun daga Tsafe ba wanda ya yi magana a motar sai salati. Na isa Zariya da azahar na nufi Samaru na shiga wani kafe. Fayil ɗin ya ƙi shiga, ya yi nauyi, sun ƙayyade girman da za su karɓa ni kuma ban lura ba. Yaron kafen Allah ya saka mishi da alheri ya zauna da ni muka rage nauyin hotunan ɗaya bayan ɗaya muna dubawa kada inuwar gawayi ta dushe, sai bayan isha ya tafi. Na kwana a masallaci. Da safe kafin in koma na shiga cikin jami'a na tambayi sashen zane, na tsaya daga waje ina kallon ɗalibai zaune a ƙarƙashin bishiya da allunan zane a cinya, ban yi wa kowa magana ba, na fito da ɗan littafina na zana bishiyar. Duk tsawon kwana biyun nan ba ni da hanyar sanin ko Baba yana raye, su ma ba su da hanyar sanin ko na isa. Da na shigo gida Inna tana zaune a bakin ƙofa, ƙanwata ta ce tun jiya take nan.

Farkon Oktoba aka dawo da layi a cikin Gusau, saƙonni suka riƙa shigowa a jere, a ciki akwai imel ɗin da ya kwana shida yana jira. Sun kira ni ganawa a Legas, in zo da ainihin ayyukan. Ba ni da abin da zan zuba takardu masu girman A3, na ce zan sa a kwali in ɗaure. Baba ya ce a'a. Ya sa aka ɗauko wata jar fata da ya ɓoye tun layyar da ta wuce, ya ce gafaka za mu yi babba. Shi yana kwance yana nuni da hagu, ni ina yanka ina huda ina ɗinki, in na karkace ya yi gyaran murya in warware. Kwana shida muka yi. Shi ne karo na farko da na riƙe basilla da niyya, kuma na tsinci babban yatsana a gefe yana tokare fatar.

A wajen ganawar su uku ne, har da malamar nan da na yi waya da ita, ba ta gane ni ba sai da na tuna mata. Sun fi daɗewa a kan ambulan ɗin magani, suka ce in yi musu bayanin maganar wata, na yi da Turancina mai tsalle-tsalle suka gane. Ɗayansu ya ɗauki gafakar yana jujjuyawa ya ce wannan fa, me ya sa ba ta cikin fayil? Na ce bayan na tura muka yi ta. Suka ajiye min wata kujera a tsakiyar ɗaki suka ba ni minti ashirin in zana, na miƙe hannu na runtse ido ɗaya.

An ɗauke ni da tallafin. Na kira gida aka kara wa Baba waya a kunne na faɗa mishi, ban gane abin da ya ce ba, Inna ta ce albarka yake sa maka. Ya rasu a watan Disamba, saura sati uku in tafi. Allah ya jiƙansa ya gafarta mishi. Da Inna ke kwashe kayansa ta samu takardar nan a aljihun rigarsa, ninki huɗu, gawayin ya goge ya bi layin ninkin amma ana gane yatsun.

Na gama karatun, na yi aiki shekara ɗaya a Legas na dawo Gusau saboda Inna da ƙannena. Yanzu ina tsara kwalaye da takardun kaya ga masu ƙananan sana'a, yawanci da boko da ajami tare, ranar Asabar kuma ina zama a zauren Kawu da ragowar kayan aikin Baba ina koyon abin da ya saura wajen wani tsohon abokinsa. Yaron nan ya dawo washegari kamar yadda na ce mishi. Na tambaye shi sana'ar gidansu ya ce mahaifiyarsa tana saƙar faifai. Na ba shi fensir 2B guda biyu da littafin da na ɗinka mishi, na ɗauko butar da ke bakin ƙofa na ajiye a gabansa, jiya ya kawo min ta goma sha ɗaya.